Siririyar taya za ta ƙara wa keken haibirid gudu kuwa?

Malam, ka ce kekenka haibirid ne, wato tsaka-tsaki tsakanin keken tsere da na hawan dutse, ya zo da taya 700x38, mai faɗin milimita 38 ke nan, kana son ka cire ta ka sa 25 ko 28 don ka riƙa cin tafiya da sauri, kuma kana tambayar ko hakan zai yi amfani. Na taɓa yin abin da kake shirin yi ɗin nan, shi ya sa na kasa yin shiru.

Nawa ma da 38 ya zo, mai haƙora kanana a gefe. Na cire na sa 28, na dura mata iska har psi 95 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Ranar farko ji na yi kamar an sauya mini keke gaba ɗaya. Ina taka feda yana zabura, kan keken ya yi sakayau, duk wata tsakuwa da na taka sai na ji ta a tafin hannu. Na ce to, an zo wurin. Sai da na kwashe kamar wata guda ina duba agogo a hanyar da nake bi kullum, sannan na ga lokacin da na rage bai taka kara ya karya ba. Girgizar nan da ƙarar tayar su suka sa nake jin kamar tashi sama nake. Abin da na ƙaru da shi a zahiri shi ne ciwon wuyan hannu da faci sau biyu, duka irin wanda rim ke matse tub idan ka faɗa rami, ya bar huda biyu kusa da juna kamar saran maciji.

Daga baya na gane cewa ɗan saurin da na samu ma daga ingancin sabuwar tayar ya fito, faɗin bai yi wani aiki sosai ba. Taya tana cin ƙarfinka ne a wurin da take lotsewa idan ta taɓa ƙasa. Idan robar ta yi kauri, jikinta ya yi tauri, ga haƙora, ga kuma shimfiɗar hana faci a ciki, kowane juyi sai ta cinye maka wani abu. Mai laushin jiki da sumul ɗin fuska tana lotsewa ta dawo ba tare da asara mai yawa ba. Kuma idan tayoyi biyu iri ɗaya ne, iskarsu ɗaya, mai faɗin ce ma ta fi sauƙin mirginawa, don wurin da take taɓa ƙasa gajere ne, ba ta lotsewa da yawa. Siririya tana samun galaba ne don ana iya cika mata iska fiye da haka, amma wannan sai a kwalta mai santsi kamar tebur. A hanya mai gargada, taya mai tauri tsalle take, ƙarfinka na tafiya wajen girgiza ka da keken. Ko 'yan tseren Tour de France da a da suke hawa 23, yanzu yawancinsu 28 zuwa 30 suke sawa.

Nauyi kam akwai gaskiya a ciki. Tayar Schwalbe Marathon Plus mai faɗin irin taka tana kai kusan giram 900, Continental GP5000 mai faɗin 32 kuwa kusan giram 300 ce. Ninka bambancin sau biyu, ka ga an sauke maka fiye da kilo ɗaya daga ƙafafun keken, kuma za ka ji shi a tashi daga tsaye da hawan tudu. Sai dai ka sani, ta farkon da wuya ƙusa ta ratsa ta, ta biyun sai da lallaɓawa.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mai haibirid ba: da zarar ka wuce kilomita 20 zuwa 25 a awa, iska ce babbar abokiyar faɗanka, kuma jikinka ne ke tare mafi yawanta. Zaman haibirid a miƙe yake, ƙirji a buɗe kamar an baza tabarma. Ranar da na ɗan sauke kan keken, na daidaita tsawon sirdi, na daina sa riga mai kumbura da iska, na ga canjin da taya ba ta ba ni ba.

Idan duk da haka ka ƙudura sai ka rage, fara duba rim ɗinka. Yawanci akwai rubutu a jiki, kamar 622x19. Wannan 19 ɗin faɗin cikin rim ne a milimita, kuma a irinsa ban ba ka shawarar yin ƙasa da 28 ba, don tayar za ta baje, gefenta ya fito fili, rim ya riƙa shan duka. Lambar 622, wato girman da'irar rim, dole ta dace da ta jikin sabuwar tayar. Tub ma sai ka sauya, na 38 naɗewa zai yi a cikin 28 ya fashe. In kana da mitar gudu mai maganaɗisu a wayar ƙafar keke, gyara mata lissafi, don zagayen ƙafar zai ragu, za ta riƙa nuna maka gudun da ba ka yi ba.

Ni dai a 32 mai sumul na tsaya, shekara ta uku ke nan. Ina sa mata wajen psi 60 a gaba, 65 a baya, kai kuma ka ƙara ko ka rage gwargwadon nauyinka, kada ka wuce abin da aka rubuta a gefen tayar. Kafin ka sayi komai, nemi famfo mai geji ka gwada tayar da ke kai a 50, sannan a 60, a hanya ɗaya, ka rubuta lokacin kowanne. Ka faɗa mana sunan tayar da irin hanyar da kake bi, sai mu san wadda za ta dace da kai.