Ku Tambayi Inna Malama: Ɗana a gida ya yi karatu, ko za su bar shi ya sa rigar biki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna Malama. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ni uwa ce mai ƴaƴa biyar, a unguwar Birni nake nan Damagaram. Na ukunsu namiji ne, shekararsa 16. Bai fara magana ba sai da ya kusa shekara biyar, kuma da muka kai shi Yamai likita ya ce yana da otizim, abin da muke ji a rediyo ana ce wa galahanga. Mun sa shi lakwal ta kuɗi har ya kai CE2, wato aji huɗu na firamare, amma hayaniyar aji ta fi ƙarfinsa. Sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin tebur, yara na dariya, mushe na cewa taurin kai ne. Muka cire shi. Tun daga nan wani tsohon mushe maƙwabcinmu ke zuwa gida da hantsi yana koya masa, yanzu mushen ya ce yaron ya kamo ƴan ajin ƙarshe na kwaleji, a lissafi ma ya wuce su.

Bara yayarsa ta gama a waccan makarantar, aka yi musu biki da doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu. Har yau hoton yana ƙarƙashin matashinsa, kullum sai ya ce, "Ni yaushe za a yi nawa?" Bana sa'o'insa ne za su fita. Inna, yana da hakkin shiga cikinsu? Babansa ya ce kada mu je mu kunyata kanmu, surukata kuwa har gobe cewa take iska ce.

Wata uwa, daga Birni

AMSA

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya raya miki su, ya saka wa wannan tsohon mushe da alheri.

Abu biyu kika ƙulle a ƙullin zane ɗaya, bari mu kwance su. Akwai takarda, akwai biki. Takardar BEPC, wato shaidar kammala kwaleji, ba darekta ke bayar da ita ba, ta gwamnati ce, kuma jarrabawa ce kaɗai hanyarta. Yaron da bai zauna a aji ba yana iya rubuta ta a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, wanda muke ce wa kandida libir. Manya da gemu suna yin ta haka kowace shekara, masu shago da masu ɗinki da matan aure. Saboda haka kafin maganar riga da hula, ki sa mushen nan ya raka babansa ofishin masu kula da jarrabawa na jihar Damagaram, da takardar haihuwar yaro da hotunansa, su ji ranar buɗe rajista da abin da ake biya. Ana rufe rajistar nan watanni kafin ranar jarrabawa, kuma na ga iyaye da yawa da suka farka a watan Mayu, ƙofa ta riga ta rufe. Su tafi da takardar likitan nan ta Yamai, su roƙi a zaunar da shi gefe, kusa da ƙofa, kuma a sanar da masu tsaron ɗaki halinsa tun da wuri.

A wannan wurin doka tana bayanki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin masu buƙata ta musamman a 2008, sashe na 24 nata kuwa kacokan kan ilimi yake: kada a ware yaro daga karatu saboda lalurarsa, kuma a yi masa sassaucin da ya dace. A Disambar 2019 ma an yi dokar ƙasa kan shigar da su cikin al'umma.

Biki kuwa wani abu ne daban, kuma ba zan yi miki daɗin baki ba: ba hakkinsa ba ne. Makaranta ce ke shirya shi don ƴan rajistarta, iyaye su yi karo-karo, a hayo kujeru da rumfa da lasifika. Mu da muka fara koyarwa tun ana rubutu da alli a kan allon hannu, ba mu san wannan riga ba. Abin da muka sani rabon kyaututtuka ne a ƙarshen shekara, littafi da biro, a tafa a watse. Makarantun kuɗi ne suka kawo ta. Ko a Amurka, inda al'adar ta yi ƙarfi kuma karatun gida halas ne a dukan jihohi 50, ba kowace makaranta ke yarda ɗan karatun gida ya hau dandamali ba, hukumar makarantun kowane yanki ce ke yanke nata. Idan kika shiga ofishin darekta kina kaɗa masa sashe na 24, zai ba ki kujera da ruwan sanyi, ya ce za a duba, shi ke nan kin ji ƙarshenta.

Amma da yake babu dokar da ta tilasta masa, babu kuma wadda ta hana shi. Alfarma ce, kuma ke kina da abin neman alfarma a hannu. Yaron nan tsohon ɗalibinsu ne, sunansa na cikin tsohon rajista daga CI, wato ajin farko, har CE2. Yayarsa a can ta gama, kun shekara da shekaru kuna biyan kuɗi. Kada ki tafi ke kaɗai, kada kuma ki aika saƙon waya. Ku je da tsohon mushen, domin malami ya fi jin maganar malami, ku ɗauki littattafan aikin yaron darekta ya buɗe ya gani da idonsa. In kun san wani dattijo a ƙungiyar iyayen yara, ku biya ta wajensa tukuna. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Ki san abin da darekta zai ji tsoro, don ki riga shi faɗa. Zai ji tsoron a ce makaranta ta ba da shaidar kammala karatu ga wanda ba ta koyar ba. To ki ce ba ku neman wannan. A miƙa masa takardar yabo, a kira shi da sunan tsohon ɗalibi da ya ci gaba da karatu a gida. Zai ji tsoron wasu iyaye su ce su sun biya shekara goma, wani ya zo cin bulus. Ku biya kuɗin biki da na riga daidai da kowa, ko da an ce an yafe muku. Abu na uku ba zai furta shi ba, amma shi ne babba: kada yaron ya rikice a gaban manyan baƙi.

Nan ne nake so mu daɗe, ƴata, domin ni ma tsoron nan nake ji, ba don manyan baƙi ba, don yaron. Shi hoto ya gani. Hoto ba ya ƙara. Ke da kika je bikin yayarsa kin san abin da ke bayan hoton: a ce ƙarfe tara, babban baƙo ya iso sha ɗaya da rabi, ana zaune ƙarƙashin rumfa a zafin watan Yuni, injin wuta na ruri, lasifika na tsuwa, mai gabatarwa na ihu kamar ana tallar magani a kasuwar Dole ranar Alhamis. Ga rigar kanta, yadin roba mai kama jiki. Yaron da hayaniyar aji ta kora ƙarƙashin tebur, wannan ya ninka ta sau goma. Ba shagwaɓa ba ce. Yawancin masu otizim kunnensu da fatarsu suna ɗaukar abu da ƙarfin da namu ba sa ɗauka.

Don haka ki zaunar da shi ki gano me yake nufi da "nawa". Rigar ce? Hoton ne? A kira sunansa ne? Ko tsayawa cikin sa'o'insa? Ki nuna masa bidiyon bikin bara da sautinsa duka, ki kalli fuskarsa. In ya ce har yanzu yana so, sai shiri. Ku kai shi filin ranar da babu kowa, sau biyu ko uku, ya taka daga kujera zuwa tebur ya dawo. Ku ɗauki hoton kowane mataki a waya, ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, don irinsu sun fi natsuwa in sun san abin da ke tafe. A karɓo rigar da mako biyu ya riƙa sawa a gida, in hular ta dame shi ya riƙe ta a hannu. A ba shi kujerar bakin layi, nesa da lasifika, a kira shi cikin na farko, yana karɓa ku fice in ya gaji. Abin toshe kunne irin na masu aikin inji yana taimako sosai. Ki kuma ja kunnen gwaggwanninsa: ban da guɗa a kansa, ban da rungumar bazata, su adana ta sai an koma gida.

Mai gabatarwa ma a yi masa magana. Kada ya ɗauki lasifika ya ce ga wani bawan Allah marar lafiya, a tausaya masa. Sunansa kawai, kamar na kowa.

Maganar surukarki, ki bi ta a hankali, amma ki riƙe wannan a ranki. Ba iska ba ce, ba kuma wani abu kika ci ko kika taka da cikinsa ba. Yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne, gado yana da hannu babba a ciki, kuma an fi ganinsa ga maza. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi dalla-dalla a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ki lissafa da ajujuwanmu masu ɗalibai tamanin da ɗoriya, ki ga nawa suka wuce ta hannunmu ba mu sani ba. Ni kaina, a shekarata ta uku da fara aiki, a wani ƙauye wajen Mirya, na yi wani yaro a CP, wato aji biyu, da ba ya kallon ido, yana ta kaɗa jiki gaba da baya. Na mayar da shi layin baya, na rubuta a takardarsa cewa ba ya jin magana. Bai dawo ba bayan hutun damina. Shekara talatin ke nan da wani abu, kuma da na karanta wasiƙarki shi na fara tunawa.

Babansa kuma, kunya yake gudu, ba ƙin ɗansa yake ba. Ki bar mushen ya yi masa magana irin ta maza, ya nuna masa lissafin yaron.

In darekta ya ƙi, kada ki yi jayayya, kada kuma ki gaya wa yaron an ƙi shi. Mu nan Damagaram ba yau muka fara yi wa yaro bikin karatu a ƙofar gida ba. Wanda ya sauke Alƙur'ani a zauren malaminsa, ai ba ya jiran wata makaranta ta ba shi fili, shimfiɗa tabarmi ake yi a kira dangi a yi walima. Ki kai wa tela hoton yayarsa ya ɗinka irin rigar da yadi mai sanyi, a gayyato sa'o'insa uku ko huɗu da ya saba da su, mushensa ya miƙa masa takarda bayan la'asar, a kira mai hoto. Sai dai ki tsayar da ranar tun yanzu ki zagaye masa ita a kalanda, domin tambayar da yake miki "yaushe" ce.

Ki rubuto mini bayan an yi rajistar, in ji yadda kuka ƙare da darekta.