Tsohuwar Kwamfuta: A Ɗora Mata Windows 11 Ko A Sayi Wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Ƙauran Namoda, yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban foli ne. Kwamfutata HP EliteBook 840 G3 ce, Core i5, RAM 4GB, tana kan Windows 10. Ta yi nauyi ƙwarai, ga saƙo tana ta nunawa cewa an daina kula da Windows 10. Wani mai gyara ya ce zai ɗora mini Windows 11. In yarda, ko in tara kuɗi in sayi wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsala biyu ce gare ka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Nauyi daban, saƙon daban.

Saƙon gaskiya ne. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, sai dai an daina turo mata facin tsaro na kyauta da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Kai kuwa kullum ɗalibai na soka maka filashi iri-iri, kana buɗe musu fotal, wataƙila har bankinka kana shiga da ita. Akwai shirin ƙarin tsaro mai suna ESU da ya ƙara wa ɗaiɗaikun masu amfani wa'adi zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda Windows 10 ɗinsa ke kan zubin ƙarshe, wato 22H2. Jinkiri ne kawai, ba mafita ba.

Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: RAM aƙalla 4GB, ma'aji 64GB, guntun tsaro TPM 2.0, sannan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Nan taka ta faɗi, domin 840 G3 zubi na 6 ce. Abin da mai gyaran zai yi shi ne ya tsallake binciken waɗannan sharuɗɗa da wata manhaja irin Rufus. Za ta hau, za ta yi aiki. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin wannan kwamfuta samun sabuntawa ba, kuma duk lokacin da babban sabon zubi ya fito sai ka koma wurin mai gyara. Mafi muhimmanci, Windows 11 ba ta rage nauyi. A kan 4GB sai ma ta ƙara. Jakin da ya gaji ne aka ƙara wa mangala.

Nauyin kusan kullum daga hadis (hard disk, ma'ajin bayanan kwamfuta) ne. Idan tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, a cire shi a sa SSD, wato ma'aji mai sauri, ko da 256GB, a ƙara RAM zuwa 8GB. Wannan samfurin yana karɓar duka biyun ba wahala. A buɗe ta a kakkaɓe fanka, a sauya man furosesa, domin ƙurar hunturu da zafin bazarar Zamfara suna sa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Kuɗin duka wannan bai kai na wata kwamfutar ba ko kusa. Kafin a taɓa komai, ka kwashe ayyukan mutane zuwa wani ma'aji na waje.

Wasu za su ce ka bar Windows ka koma wani tsarin mai suna Linux Mint. Kyauta ce, ana sabunta ta, tana tafiya sumul a tsofaffin na'urori. Da karatu da lilo a intanet kawai kake yi, da ita zan ba ka shawara. Amma shago ne, Word da CorelDRAW ba sa hawa kanta kai tsaye, kuma furojet ɗin ɗalibi kan wargaje idan aka buɗe shi da LibreOffice, manhajar da ke madadin Word a can. Sai ka kwana kana gyaran shafi.

Saboda haka ra'ayina: gyara wannan yanzu, ka bar mata aikin bugu da firintin, ka rage shiga banki da ita, kana tara kuɗin wata. Ba lallai sabuwa dal ba, ta hannu mai lafiya ta isa. Sai dai ka kula, kasuwa cike take da 'yan zubi na 6 da na 7 da aka riga aka ɗora wa Windows 11 ta bayan gida, mai saye ya ɗauka sun cancanta. Kada kalmar Core i7 ta ruɗe ka, lambar da ke biye da ita za ka duba. i5-6300U zubi na 6 ce, i5-8250U zubi na 8, i5-1135G7 kuma na 11. EliteBook 840 G5, Dell Latitude 7490 da ThinkPad T480 suna zuwa da zubi na 8, amma akwai masu na 7 a cikinsu, don haka ka duba da idonka. Ka sa a buɗe manhajar PC Health Check a gabanka don ka ga ko ta cancanci Windows 11, a zare caja ka ga ƙarfin batir, sannan ka biya.