Hukuncin Harbin Matuƙin Jirgin Yaƙi Yana Saukowa da Lema

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni soja ne. Idan aka kakkaɓo jirgin abokan gaba, matuƙin ya fice yana saukowa da lema, ya halatta a harbe shi tun yana sama? Shi ne fa ya gama yi mana ruwan bama-bamai.

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai halatta ba, ɗan'uwa.

Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 190, mu yaƙi waɗanda suke yaƙar mu, kada mu ƙetare iyaka. Makamin matuƙi jirginsa ne. Da jirgin ya kama da wuta, ga shi yana reto tsakanin sama da ƙasa, ba ya iya kai hari, ba shi da wurin ɓuya, ko miƙa wuya yake so babu wanda zai miƙa wa. Idan a yankinku zai dira, fursunan yaƙi ne da bai ƙaraso hannu ba, kuma hukuncin fursuna na shugaba ne. Suratu Muhammad, aya ta 4, ta ambaci saki kyauta ko karɓar fansa. Fushin abin da ya aikata ba ya mayar da soja alƙali. In fararen hula ya kashe, a gurfanar da shi.

Inda mas'alar take da nauyi shi ne idan iska za ta kai shi wajen mutanensa, gobe ya hau wani jirgin. Malaman fiƙihu na da sun halatta bin sawun mayaƙin da ya gudu daga fagen fama, in dai ba rikicin cikin gida tsakanin Musulmi ba ne, wanda a cikinsa Sayyidina Aliyu ya hana bin mai gudu da ƙarasa mai rauni. Mai kafa hujja da wannan bai yi magana da ka ba. Sai dai akwai alkawari. Sashe na 42 na ƙarin yarjejeniyar Geneva ta 1977 kan dokokin yaƙi tsakanin ƙasashe ya hana kai wa mai tsira daga lalataccen jirgi hari yana saukowa, ko ina zai faɗa, kuma Najeriya da Nijar duk sun amince da ita. Abin da asalinsa halal ne, idan shugaba ya ɗauki alkawarin barinsa don maslaha, cikawa ta wajaba, bisa ayar farko ta Ma'ida. Dubi sahabi Huzaifa da mahaifinsa: Ƙuraishawa sun sake su bisa sharaɗin ba za su yaƙe su ba. Ga Badar ta zo, Musulmi ba su da yawa, amma Annabi (SAW) ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito.

Sojojin lema da ake zubowa da makamai don kai farmaki ba su shiga wannan hukuncin ba. Mayaƙa ne tun suna sama. Haka matuƙin da ya dira ya zaro bindiga. Wanda bai yi haka ba, a ba shi damar miƙa wuya, a ciyar da shi, a yi masa magani. Abin da 'yan Da'ish, wato ƙungiyar IS, suka yi wa matuƙin nan na Jodan, Mu'az al-Kasasbeh, da suka ƙona shi da ransa, haramun ne kan haramun, domin babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta.

Wallahu a'alam.