Filin Bakanike: Tsohuwar Marsandi a Balin, a sa mata lambar H ko a bari?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Bakanike. Ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya. Ni Bakatsine ne, shekarata goma sha ɗaya a Balin ta ƙasar Jamus, ina zaune a unguwar Spandau. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu mijinta ya rasu ya bar mata Marsandi 240D ƙirar 1983 a gareji, ta sayar mini da ita a kan kuɗi kaɗan don ina taya ta cefane. Tun rasuwar mijin aka cire mata lamba. Na tayar da ita, injin lafiya lau. Don marmari na sa mata wili na zamani da baƙar leda a gilashi. Yanzu zan yi mata rajista, abokaina sun rabu biyu: wasu sun ce in karɓi lambar tsofaffin motoci mai harafin H, wasu sun ce tarko ne, za a hana ni hawanta yadda nake so. Ba ni da wata motar. Ina son in riƙa zuwa aiki da ita, ran Juma'a in shiga unguwar Neukölln masallaci, kuma wata rana in aika ta gida. Me za ka ba ni shawara?

Ɗanka, daga Spandau

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya sanya alheri, kuma ka ci gaba da kyautata wa tsohuwar nan, don ta ba ka abin da ya fi kuɗin da ka biya.

Motar taka na san ta kamar yunwar cikina. Ita ce ƙirar W123 da Marsandi suka yi daga 1976 zuwa 1986. Lokacin da nake yaron gareji a Kakuri, Fijo 504 ce abincinmu na kullum tunda ga kamfaninta nan Kaduna kusa da mu, amma ranar da aka kawo irin Marsandin nan, maigidanmu ba ya barin yaro ya taɓa ta sai ya wanke hannu. Da na zo Jamus kuwa sai na tarar da ita tasi ce, an yi mata fenti ruwan madara tana jigilar tsofaffi zuwa asibiti. Duniya ke nan.

Bari mu fara da kuɗi, don nan ne maganar ta fi sauƙi. Jamus na karɓar harajin tsohuwar mota ne bisa girman injin da kuma irin hayaƙin da yake fitarwa. Dizal irin taka, wadda ba ta da komai na tace hayaƙi, ana biyan Yuro 37.58 a kan kowane cc ɗari. Injinka cc 2,399 ne, wato ɗari sau 24. Lissafa ka gani: Yuro 901 duk shekara. Idan kuwa ka sa lambar H, haraji ɗaya ne ga kowace mota komai girman injinta, Yuro 191.73. Ka ga bambancin ya kai Yuro 710 a shekara. Kuɗin dubawa da na buga lamba da na ofishin rajista duka, shekarar farko kaɗai ta mayar maka da su har da canji.

Na biyu ya fi na farko muhimmanci a wurinka, kuma na lura ba ka ambace shi ba. Tun 2008 duk abin da ke cikin zoben jirgin S-Bahn na Balin, wato layin dogon da ya zagaye tsakiyar birni, yankin kare iska ne, kuma tun 2010 sai mota mai koriyar takarda a gilashi ke shiga. Dizal ɗin 1983 ba ta samun koriya, ba ta samun kowace kala ma. Da lambar yau da kullum, ranar da ka nufi arewacin Neukölln sallar Juma'a, kana tsallaka zoben nan ka cancanci tarar Yuro 100, ko da a ajiye aka same ta. Mota mai H an ɗauke mata wannan doka a duk faɗin Jamus. Saboda haka a halin da kake ciki, H ce ƙofar shiga gari.

To abokan da suka ce tarko ne fa? Ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, sun dai haɗa abubuwa biyu ne wuri guda. Akwai wata lambar daban, ja, wadda lambobinta ke farawa da 07. Ita ce mai takunkumi: taron tsofaffin motoci, gwaji, kai wa gareji, shi ke nan, kuma sai ka riƙa rubuta kowace fita a littafi. An yi ta ne don mai motoci uku ko biyar a rumfa yana juya musu lamba ɗaya. Ko ƙetare iyaka da ita ba kowace ƙasa ke yarda ba. Wannan ba taka ba ce. Lambar H da aka fito da ita a 1997 cikakkiyar rajista ce. Doka ba ta ƙayyade maka kilomita ba, ba ta hana ka zuwa aiki ba, ba ta hana ka tafiya Holan ko Faransa ba, sai dai biranen can kowanne da nasa tsarin hayaƙi, ka bincika kafin ka kama hanya.

Takunkumin gaskiya a hannun kamfanin inshora yake. Inshorar tsofaffin motoci tana da arha ƙwarai, shi ya sa kowa ke kwaɗayinta, amma arhar tana da dalili. Galibi za su tambaye ka shaidar cewa kana da wata mota ta hawan kullum. Za su sa maka iyakar kilomita a shekara, 'yan dubbai. Da yawa za su ce ta kwana a gareji, kuma ba zuwa aiki kullum da ita. Kai kuwa ka faɗa da bakinka ba ka da wata motar. Na san abin da wani zai raɗa maka: rubuta sunan motar abokinka, wa zai sani? Kada ka soma. Na ga wani ɗan ƙasarmu da ya yi haka. Wata bakwai yana murna, ranar da aka buge shi da sassafe a hanyar aiki, kamfanin ya duba mita, ya duba lokaci da wuri, ya tambayi ina ɗaya motar. Gyaran motarsa daga aljihunsa ya fito, ga cikon kuɗin inshora da suka bi shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a Jamus kuma har da takarda da kwanan wata. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki lambar H, sannan ka nemi inshora ka gaya musu gaskiyar yadda za ka hau ta. Lamba daban, inshora daban, ba dole sai an haɗa su ba. Za ka biya fiye da mai inshorar tarihi, amma Yuro 710 ɗin nan na haraji na nan a hannunka. Ka kuma sa a yi mata takardar ƙiyasin daraja, don in wani ya murƙushe maka ita kada a biya ka kuɗin gwangwani.

Yanzu sai wilin nan naka da baƙar leda, kuma a nan zan ɗan ja maka kunne. Shekara talatin daga ranar rajistar farko sharaɗi ne, motarka ta wuce shi nesa, amma shekaru kaɗai ba sa ba da H. Sai ƙwararre daga ɗaya daga cikin kamfanonin duba motoci, TÜV ko DEKRA ko GTÜ ko KÜS, ya duba ta bisa sashe na 23 na dokar rajistar motoci, ya rubuta cewa abar tarihi ce da aka adana. Ba tafiyar motar kawai yake dubawa ba. Yana son ya ga motar kamar yadda ta fito daga kamfani: injinta na asali ko na danginta, kujerunta, sitiyarinta, fentinta irin na zamaninta. Canjin da ake yarda da shi shi ne wanda aka saba yi a shekaru goman farko na motar, ko wanda shi kansa ya shekara talatin a jikinta. Wilin da aka ƙera bara ba ya cikin wannan. Ina fatan ba ka zubar da na asali ba, na ƙarfe masu marfi kalar bodi. In ka zubar, ka nemo, ana samunsu na hannu. Ledar gilashi kuma ɓare ta kafin ka je, kada ka ba mai dubawa abin magana. Mu dai da mun sami mota sai mun yi mata kwalliya kamar amarya, Bajamushe kuwa tsufanta yake son gani, muddin tsufan mai tsabta ne.

Kuma kada ka ɗauka an ba ka H an gama. Duk shekara biyu za ka kai ta dubawa kamar kowace mota, har da gwajin hayaƙi, tunda dizal da aka yi wa rajista daga 1977 ba a ɗauke mata ba. A kowace dubawa ana sake kallon ko har yanzu ta cancanci harafin. In ta lalace, a karɓe. Ka ce injin lafiya lau, na yarda, injin nan ba ya mutuwa da wuri, ƙarfin doki 72 ne kacal, ba ya gaggawa ba ya gajiya. Ba shi ne abin tsoro ba. Tsatsa ce. Ka sa a ɗaga ta sama ka duba wuraren sa jak guda huɗu, ƙarƙashin batir, bakin tayoyi, gindin ƙofofi, ka ɗaga kafet ka taɓa ƙasa ko da danshi. Akwai 'yan ramukan zubar ruwa kusa da maƙalar bonet, ganye na toshe su, ruwa ya bi ta ciki ya kwanta a ƙasan mota shekara da shekaru ba wanda ya sani. Motar da ta daɗe a ajiye kuma sai an canja mata man birki da robobinsa da tayoyi, ko da zanen tayar bai cinye ba. Wani abu kuma da zai ba ka tsoro ranar farko: in ka kashe makulli injin ya ƙi mutuwa, ba aljanu ba ne, iska ce ke zurarewa a siraran bututun da ke kashe shi. Buɗe bonet, akwai ɗan ƙarfe da aka rubuta STOP a jikinsa, danna shi.

Wannan ya kawo ni inda ni da kai za mu saɓa. Doka ta yarda ka hau ta kullum, ni ban yarda ba. Gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara shi ne ajalin W123. Hunturu uku ko huɗu a kan gishiri, motar da tsohon nan ya lallaɓa shekara arba'in za ta fara ɓulewa, kuɗin walda ya cinye abin da ka tara na haraji, H ɗin ma ta tafi. Ga shi yawancin motocin nan ba jakar iska, ba birkin ABS mai hana tayoyi ƙamewa, kai kuma kana cikin cunkoson safiya a kan titi mai santsi. Kana Balin, garin da jirgin ƙasa ke zuwa ko'ina, jirgin layin U7 ma daga Spandau take tashi ta ratsa har Neukölln. Da ni ne, in hau jirgi daga Nuwamba zuwa Maris, in hau Marsandi sauran watanni. Tun Oktoban 2017 an yarda a haɗa H da lambar wasu watanni na shekara, wadda ake rubuta watannin aiki a gefenta. Afrilu zuwa Oktoba harajinka zai dawo wajen Yuro 112. Sharaɗin dai shi ne a watannin hutu ba ta tsayawa a bakin titi ko na dare ɗaya, sai gareji ko fili mai zaman kansa. Tunda garejin tsohuwar nan yanzu fanko ne, ka je ka gaishe ta ka tambayi nawa za ta ba ka haya.

Maganar aikawa gida kuwa, cire ta daga ranka. H a Jamus take aiki, ranar da mota ta hau jirgin ruwa a Hambug an gama da ita. Kwastan ta Najeriya kuma ta haramta shigo da motar da ta wuce wasu shekaru, taka ta ninka su. Ko da ta shiga ta wata hanya, ka san abin da zai faru: wata shida ƙaninka ya sa mata kariya a sama tana kai buhunan gero kasuwar Jibiya.

TAMBAYA

Baba, ina wuni. Ni ina Kolon da maigidana. Ina da ƙaramar Opel Corsa ƙirar 1995 mai shan fetur, injin 1.2, takardarta ta nuna matakin hayaƙinta Euro 2 ne. Ta cika talatin. Maigida ya ce mu sa mata H don a rage haraji. Haka ne?

'Yarka, daga Kolon

AMSA

Lafiya lau 'yata. Ki gaishe da maigida, ki ce masa wannan karon lissafin bai fita ba. Fetur mai Euro 2 Yuro 7.36 ake biya a kan cc ɗari, naki ɗari sau 12 ne, wato Yuro 88 a shekara. In kin sa H za ki koma biyan 191.73, kin ƙara wa kanki fiye da ɗari, ga kuɗin ƙwararre a sama. Koriyar takarda kuma motarki na da haƙƙinta tun asali, ba inda za a hana ki shiga a Kolon saboda ita. Ki bar ta da lambarta. Kuɗin da za ku kai wa mai dubawa, ku sa a wanke mata ƙarƙashi a fesa mata maganin tsatsa kafin sanyi ya shigo.