Ina ake ajiye bayanan gama-gari kafin RAM ta tashi?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhajar tushe (wadda ke fara aiki da zarar an kunna na'ura) a kan allo mai furosesar ARM. Na sa wata lamba a ma'ajiyar gama-gari (global variable, wadda kowane sashe na manhaja ke iya kaiwa gare ta) tun farkon kunna na'ura, da na dawo karantawa sai na tarar ba ta zauna ba. Ina matsalar take? (Wani ɗalibi, Tudun Wada, Kaduna)

Amsa: Ɗan'uwa, a lokacin da ka yi rubutun nan babu wurin da zai zauna. Idan aka kunna na'ura, a alluna da yawa furosesa tana karanta umarni kai tsaye daga filash (ma'adanar da ba ta gogewa idan an kashe wuta), ita kuwa babbar RAM ba ta amfanuwa sai an saita mai sarrafa ta. Saboda haka adireshin da ka rubuta wa, ko dai yana cikin filash, wadda umarnin rubutu na yau da kullum ba ya canza ta, ko kuma yana cikin RAM da ba ta farka ba. Abin takaicin shi ne sau da yawa na'urar ba za ta nuna kuskure ba.

Dabarar U-Boot, wata manhajar tayar da na'ura, ita ce na fi so ɗalibi ya fara nazari. Tana tattara bayanan a tsari guda, ta ajiye shi a ƙaramar SRAM ta cikin guntun furosesa (RAM da ba ta jiran a saita mai sarrafa ta), sannan ta keɓe rajista ɗaya (ƙaramin wurin ajiya a cikin furosesa kanta) ta riƙe adireshinsa: r9 a ARM mai bit 32, x18 a mai bit 64. Ana umartar kompaila (manhajar da ke fassara lambar zuwa harshen na'ura) da -ffixed-r9 ko -ffixed-x18 don kada ta taɓa wannan rajistar, ta yadda kowane sashe na manhajar zai iske bayanan ta manunin (pointer, mai riƙe adireshi) da ake kira gd. A kwamfutocin x86 kuwa, manhajar tushe ta coreboot tana mai da kash ɗin furosesa (ƙaramar ma'adanarta mai sauri) RAM ta wucin gadi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ƙaura. Da zarar RAM ta tashi ana kwafe tsarin zuwa cikinta, a sauya adireshin da ke rajistar, amma duk manunin da ke cikin tsarin wanda yake nuna tsohon wuri, sai ka gyara shi da kanka. Kada kuma ka dogara da sashen .bss (inda ma'ajiyoyin gama-gari masu farawa da sifili suke zama) kafin ƙaurar, domin ba a share shi ba tukuna. Ka buɗe fayil ɗin taswirar da linka (manhajar da ke haɗa sassan lambar ta raba musu adireshi) ta fitar, ka duba adireshin da aka ba ma'ajiyarka.