Shokabzobar gaba na yoyo duk da sabon sil

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar acaɓa a Funtuwa. Sau biyu ana canja min sil (robar da ke hana mai fita) na shokabzobar gaba, amma ba a yin wata guda sai mai ya dawo yana gangarowa har kan taya. Bakanike ya ce sil ɗin ne jabu. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jabu yana nan a kasuwa, amma in sil biyu sun mutu a jere, a fara tuhumar bututun nan mai sheƙi da ke shiga yana fita. Goge shi, ka bi shi da farce daga sama zuwa ƙasa. Duk inda farcen ya maƙale, tsatsa ce ko sāran tsakuwa, kuma nan ne ke yanka leɓen sil kamar reza. Ƙaramin tabo ana lallashinsa da sanfefa mai lamba 1000 ko 1200 da ɗigon mai. In ramin ya yi zurfi, sai sabon bututu. A kuma mirgina shi a kan gilashi: in yana rawa ya lanƙwashe, ko da wane sil aka sa masa zai zubar. A girgiza shi cikin ƙafarsa ma, wato ɓangaren ƙasa da yake shiga, domin in bushin da ke riƙe shi a ciki ya ci, bututun zai riƙa kaɗawa yana buɗe sil.

Wajen kwancewa, a sassauta murfin sama tun ƙafar tana ɗaure a jikin babur, haka ma notin ƙasa da ake kwancewa da alanki. A fara da notin ƙasan kafin a cire sifirin, don matsin sifirin ne ke hana sandar ciki juyawa tare da notin. Sannan a juye tsohon mai, a ɗaga robar ƙura, a zare kilif ɗin da ke riƙe sil, a fitar da sil, a wanke komai da kalanzir ya bushe.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne wajen sa sabon. Lambobi uku ne a jikin sil, misali 31-43-10.5, wato faɗin ciki, faɗin waje da kauri, a sayi daidai da na tsohon. Fuskar da ke da rubutu sama take kallo, mai ɗan sifirin kuma ƙasa, wajen mai. A shafa masa mai, a rufe bakin bututu da leda kafin a zura shi. A kora shi da guntun fayif na roba har ramin kilif ya bayyana. Wanda ya ɗauko sukundireba da guduma ya riga ya kashe sil ɗin tun bai fara aiki ba. Robar ƙura da woshar tagulla ta notin ƙasa su ma a canja su.

Tambaya: Zan iya zuba baƙin mai na inji?

Amsa: Wanda aka juye daga inji, a'a, akwai garin ƙarfe a cikinsa. A nemi man shokabzoba mai lamba 10W, a auna da sirinji gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya faɗa, ƙafa biyu daidai wa daida. In ya yi yawa, iskar da ke sama ba ta da wurin matsewa, sai man ya nemi hanya ta sil. A ja bututun sama da ƙasa kamar sau 10 iska ta fita kafin a mai da sifirin. In mai ya riga ya jiƙa takalmin birki, a canja shi, wanki ba ya fitar da shi.