Kakar Yaro Ta Hana Ni Sakat

Tambaya: Anti, ina aiki a gidan renon yara. Wani yaro ya ciji ɗan'uwansa, sai kakar wanda aka ciza ta zo ta wanke ni tas a gaban yara, wai dole in nuna mata mai cizon. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, cizo ba baƙon abu ba ne ga yara 'yan shekara 1 zuwa 3, bakinsu bai gama buɗewa ba. Kada ki nuna mata yaron, faɗan zai koma tsakanin gidaje biyu. Ki ja ta ofis, ki ce "Mama, zauna," ki bar ta ta amayar da fushinta. Ki rubuta lokacin da abin ya faru da yadda kika wanke wurin. Sannan shugabarku ta kira uwar yaron, domin da ita kuka yi yarjejeniya.